Hannun Baffa da Kwalbar Kuza

Tun ina yaro aka san ni da gajen haƙuri. Inna takan ce ko kunu ba na bari ya huce, sai na ƙona baki sannan in zo ina yi wa mutane ihu kamar su suka ɗura mini. To Allah da ikonsa, da na girma sai ya haɗa ni da aikin da ya fi ni gajen haƙuri, kuma ya bar ni a gidan da ba a shigarsa da sauri.

Fiziks nake koyarwa a wata sakandare a Kabo, amma a Gwarzo nake kwana, a gidan mahaifina, inda aka yanka mini sashe ni da iyalina. Baba malami ne na allo da littattafai. Zaurensa ba ya rabo da mutane daga hantsi har magariba, masu ɗaukar karatu, masu kawo tambaya a kan gado ko iyakar gona, da dattawan da ba abin da ya kawo su illa sun saba zuwa. Ƙofar gidan kuwa ɗaya ce. Duk wanda zai shiga, ta zauren nan zai bi.

A lokacin da nake ba da labari ina karatun digiri na uku a wata jami'a a Kano, ina haɗa shi da koyarwa. Bincikena a kan wani sabon sinadari ne da ake yin farantin sola da shi, ferofsikait ake ce masa. Shafa shi ake yi a kan gilashi, siriri ƙwarai, ya bushe ya yi baƙi wuluk. Ga arha, ga kama hasken rana. Aibinsa ɗaya, wanda ya fi kyau a cikinsa da dalma ake haɗa shi, kuma ruwa yana narkar da shi. Ni kuwa na tashi ina ganin Inna tana jera bokitai a ƙarƙashin indararo da zarar hadari ya haɗu, ta juye a randa, shi muke sha, shi ake dama wa yara koko. A ce an ɗora irin wannan faranti a kan kwanonmu, ƙanƙara ko jifan yara ya fasa shi, ai gubar dalma randar Inna za ta nufa kai tsaye. Wannan ne ya sa na shiga sahun masu neman a cire dalma a sa kuza a madadinta.

Kuza ba shi da wannan gubar, amma yana da nasa mugun halin. Iska ba ta taɓa shi ya zauna lafiya, balle iska mai laima. Ni abin da na sa a gaba shi ne in zuba wani ɗan ƙari a cikin haɗin, wanda nake kyautata zaton zai sa shafin ya yi kyau, sannan in auna in gani ko caji yana tafiya a cikinsa yadda ya kamata. Don kuwa rana in ta bugi shafin caji take tayarwa, shi kuma cajin sai ya yi tafiya ya kai waya kafin ya zama wutar da za ta kunna ƙwan lantarki. In ya maƙale a hanya, an yi aikin banza. Awon kansa a cikin duhu ake yinsa. Za ka ɗora allurai biyu a kan gilashin, kana ƙara ƙarfin lantarki kaɗan-kaɗan, na'ura tana zana maka layi a kwamfuta. In shafin lafiyayye ne, layin zai tafi a hankali, can sai ya yi kwana ya miƙe sama, daga wannan kwanar ake lissafa saurin tafiyar cajin da yawan wuraren da yake maƙalewa. In kuwa iska ta riga ta ci shi, lantarki yoyo yake yi ta ko'ina, layin ya tafi samɓal ba kwana, ba abin da za ka lissafa.

Na'urar awon ba tawa ba ce. Farfesan da ke duba aikina ne ya ara mini, bayan na yi masa naci har ya gaji da ganina a ƙofar ofishinsa. Ya ce sai inda wuta ba ta rawa, kuma kada in kuskura in riƙa yawo da ita a babur. Makarantarmu janareto muke da shi, mai tari da shaƙuwa, saboda haka na'ura ta zauna a ɗakina a Gwarzo, inda muke da sola da batir masu kyau. Haɗa shafin kuma ba ya yiwuwa a gida, don ruwan da ake narkar da sinadaran guba ne, ba na kawo shi inda yara ke rarrafe. Shi sai a ɗakin gwaji na makaranta a Kabo, a cikin wani akwatin roba da na huda na liƙa masa safar hannu, nake cika shi da gas ɗin da masu walda ke kare ƙarfe da shi daga iska. Ka ga ke nan a Kabo ake haihuwar gilashi, a Gwarzo ake auna shi. Nakan sa shi a kwalbar zuma da na wanke, in hura mata gas, in ɗaure bakin da robar tayar keke, in cusa ta a aljihun gaba, in hau babur.

Farfesa ya gindaya mini sharaɗi ba ɓoye-ɓoye. Ya ce, “Ruwa na sauka za ka dawo mini da na'urata, akwai mai jira. In ba ka kawo mini awo mai kwana ba, ka bar batun kuzan nan, ka koma na dalma kamar kowa, ka gama karatunka ka huta.” Na ce to. A raina kuwa na ce wallahi ban sha wahalar nan don in koma dalma ba.

Rani ya yi nisa, ni kuma kullum layi samɓal. Na zargi garin kuzan, na zagi wanda ya sayar mini da shi ba ya nan. Na zargi na'urar, na zargi allurai, na sake wanke gilasai har fatar yatsuna ta yi fari. Matata ta daina tambayata yaya aiki, don ta san amsar da za ta samu. Ran nan sai na dawo daga Kabo na tarar da zaure wayam, ashe duk sun tafi ɗaurin aure garin Kara, har da Baba. Na shige ban tsaya ba, na ɗora gilashi, na kunna. Layi ya tafi, ya tafi, sai ga shi ya ɗan karkata. Ba kwana sosai ba, amma wallahi ya karkata. Na zauna na zuba wa kwamfuta ido, na rasa abin da na canza a haɗin. Ban canza komai ba. Abin da kawai ya bambanta yau da jiya shi ne yau ban gaisa da kowa ba.

Wanda bai san zauren Baba ba zai ɗauka gaisuwa abu ne na tsayuwa ɗaya. Ina! Za ka tuɓe takalmi a waje, ka yi sallama, ka durƙusa gaban Baba tukuna, sannan ka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Ina wuni, ina gajiya, yaya aiki, yaya ɗalibai, yaya mutanen Kabo, yaya muka ji da zafi, yaya hanya, an gyara wajen gadar nan kuwa? Ka amsa, kai ma ka mayar, ka tambayi iyali da jikin tsohuwa da ƙafar da ta yi ciwo bara. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi, shi in ya kama hannunka ba ya saki sai ya ba ka labarin farashin dawa a kasuwanni uku. Wani kuma ya taɓa zaro kwalbar daga aljihuna, ya kaɗa ta a kunnensa, ya ɗaga ta a rana yana kanne ido, ya ce, “Malam ƙarami, wannan maganin mene ne? In na basir ne a sam mini.” Aka yi ta dariya, ni ma na yi ta dole. Robar keke kuwa roba ce, tana riƙe gas iya tafiyar Kabo zuwa Gwarzo, ba ta riƙe shi har da zaman zaure. Ashe duk watannin nan a gaban Baba gilasaina suke mutuwa, ina durƙushe ina cewa lafiya lau.

Na fara neman dabara. Na ce bari in riƙa isowa daidai lokacin da suka tashi sallar la'asar. Sau ɗaya na gwada, na ga abin ya fi muni, ɗan malam ya wuce sahu ya shige gida da kwalba. Na ƙara roba a bakin kwalbar, na naɗe ta da leda, duk bai hana ba. Daga nan na zagaya bayan gida ina duban katanga, ina auna tsawonta da ido. Inna ta fito zubar da toka ta gan ni. Ba ta tambaye ni komai ba, ta ce, “Da gemunka, da 'ya'yanka, ka haura katangar ubanka da rana tsaka? Sai dai bayan raina.” Na ce ni iska nake sha. Ta ce in sha ta ta ƙofa.

Ba yadda na iya, sai na tunkari Baba. Na same shi da safe kafin mutane su taru, na zauna a gefen buzunsa. Na ɗauki goro a cikin faifansa na ɓare shi biyu, na ajiye a gabansa, na ci gaba da yi masa bayanin dalma da ruwan indararo da sharaɗin Farfesa. Kafin in kai ƙarshe cikin goron ya rine ya yi ja-ja. Na ce, “Baba, haka abin da ke cikin kwalbar nan yake, sai dai shi in ya rine ya tashi daga aiki. So nake a yi mini izini, ranar da na ɗauko shi, in wuce ba tare da na tsaya ba. In na gama in fito in gaida kowa.”

Baba ya daɗe yana juya ɓarin goron a hannunsa. Na san abin da nake roƙo ba ƙarami ba ne. A garinmu yaron da ya wuce manya a tsaye, ba shi ake zagi ba, ubansa ake zagi. Can ya ce, “Sallama dai ba a barinta. Ka yi ta kana tafiya, mu amsa maka. Sauran kuwa al'ada ce, amma kada ka raina ta, ita ke riƙe da mutane.” Sannan ya ce, “Da, kafin ashana ta yi yawa, in aka aiki mutum ɗiban wuta a maƙwabta, ya ɗauko garwashi a kasko, ba mai tsayar da shi gaisuwa, ko hakimi ne. Kowa ya san in ya tsaya wutar za ta mutu. Zan gaya musu wuta kake ɗaukowa.”

Haka kuwa aka yi. Dattawan zaure suka karɓi abin da wasa. Da sun ji ƙarar babur ɗina sai mai hatsi ya ɗaga murya, “A janye ƙafafu, ga mai wuta nan!” In yi sallama in ratsa su kamar an koro ni, in na gama awo in fito in biya bashin gaisuwa har da ƙari. Layi ya fara yin kwana, amma ba ta fita sosai, wani gilashin ya yi, wani ya ƙi. Na gane ƙarin da nake zubawa ne bai daidaita ba, na yi ta ragewa ina ƙarawa. Ana cikin haka bazara ta kama gadan-gadan. Gabas ta fara yin baƙi da yamma, iska ta yi nauyi, gumi ba ya bushewa a jiki. Mutane suna duban sama suna murna, suna gyaran garma da iri, ni ina duban sama ina lissafin kwanakin da suka rage mini. Garin kuzan da ya rage a kwalbarsa kuma bai wuce na haɗi ɗaya ba, kuma kafin a kawo wani daga waje damina ta yi tsakiya.

Ranar da na yi haɗin ƙarshe ban koyar da kowa komai ba, na ba ɗalibai aiki na kulle kaina a ɗakin gwaji. Gilasan suka fito baƙi, sumul, suna sheƙi, ban taɓa yin masu kyansu ba. Na rufe kwalba, na ɗaure, na hau babur. Hadari yana bayana tun daga Kabo, iska tana kaɗa ledoji a kan titi. Ina tafe ina cewa, ya Allah ka ba manoma ruwa, amma ka bari in shiga ɗaki tukuna.

Da na iso ƙofar gida na ga wani babur da ban sani ba, da takalma fiye da na kullum. Ban kawo komai a raina ba. Na yi sallama na sa kai, sai na ji zauren tsit, ba mai cewa ga mai wuta nan. A kan buzun Baba, a wurin da ba mai zama sai shi, wani tsoho ne zaune da farin rawani, Baba kuma yana ƙasa a gefensa a kan tabarma. Baffa ne, yayan Baba, daga Getso.

Sai na faɗi ko wane ne Baffa kafin a gane abin da ya faru. Mahaifinsu ya rasu Baba yana ƙarami, Baffa ne ya riƙe shi, shi ya koya masa karatu tun daga baƙi har ya zama abin da ya zama. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, Yaya yake cewa. Lokacin da za a sa ni a boko, Baffa ya ƙi, ya ce yaron nan zai dawo yana tsallake mutane. Baba, wanda bai taɓa yi masa musu a kan komai ba, ya ce a bar shi da ni, shi zai tsaya a kan tarbiyyata. Tun daga nan Baffa bai cika taka gidanmu ba, mu ke zuwa gaishe shi da salla. Ran nan ya shigo Gwarzo ta'aziyya, ɗansa ya goyo shi, ya ce bari ya biya ya ga ƙaninsa. Bai san da wata maganar wuta ba, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin gaya masa.

Ya ɗago kai ya gan ni, fuskarsa ta saki. Ya kira sunana, ya miƙo hannu.

Na tsaya cak, ƙafa ɗaya a cikin zaure. Gaisuwar Baffa ba irin ta mai hatsi ba ce. Shi sai ka zauna, ya tambaye ka 'ya'yanka ɗaya-ɗaya, ya ja maka aya ya ce ka ƙarasa, ya yi maka addu'a mai tsawo kowa ya shafa. Kuma ba a ce masa ana sauri. Kwalba tana aljihuna, na dafe ta da hannun hagu, ina jin iskar hadari tana shigowa ta ƙofa da ƙanshin ƙasa. Wallahi na fara lanƙwasa gwiwa. Na ce a raina shi ke nan, dalma ta ci.

Sai Baba ya ce, “Wuce.”

Bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba, tabarma yake kallo. Na ce, “Baba...” Ya ce, “Na ce ka wuce.”

Na wuce. Na bi ta gaban Baffa, rigata ta kusa shafar hannunsa, hannun yana nan a miƙe a sama. Ban waiwaya ba, don na san in na waiwaya ba zan iya ba.

A ɗaki ban tsaya kwance robar ba, da haƙori na tsinke ta. Na ɗora gilashin farko, na saukar da allurai a kan ɗigon azurfar da ke jikinsa, na rufe da baƙin ƙyalle, na kunna. Daga zaure ina jiyo muryar Baffa sama-sama, ba na jin kalmomin, amma na san muryar faɗa. Muryar Baba kuwa ban ji ta ba ko sau ɗaya. Layi ya fara tafiya a ƙasa, a hankali, a hankali. Sai ga shi ya yi kwana, kwana sosai, ya miƙe sama kamar yadda nake gani a takardun masana. Na ce Allahu Akbar da ƙarfi har matata ta leƙo. Na canza gilashi, kwana. Na sake canzawa, kwana, kusan a wuri ɗaya. Ina cikin auna na ƙarshe na ji an tayar da babur a ƙofar gida, ƙararsa ta yi nisa. Na yi murna ranar, ba zan ɓoye ba, murnar da ban taɓa yin irinta a kan aiki ba. Na kashe na'ura na nufi zaure.

Da na fito zaure ba kowa sai Baba, dattawan duk sun sulale. Yana nan a kan tabarma, bai koma kan buzunsa ba. Na durƙusa a gabansa. Ya ce, “Wutar ta kai da rai?” Na ce, “Ta kai, Baba. Awon ya yi.” Ya ce, “Alhamdu lillahi. Gobe ka zuba mai a babur, za mu Getso.” Kafin magariba ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, Inna tana ta kiran a fito da bokitai.

Da safe muka kama hanya, Baba a bayana yana riƙe da kafaɗata. Ko'ina mutane sun fita shuka, maza suna sara da sungumi, mata da yara suna bi suna zuba iri suna takewa. Baba yana da ciwon gwiwa, har salla a kan kujera yake yin wasu raka'o'in, kowane rami muka faɗa sai na ji ya matse kafaɗata. Na ce masa da ya bari na je ni kaɗai, ai ni na yi laifin. Ya ce in kula da hanya.

Mun sami Baffa a ƙofar gidansa a kan buzu, da littafi a buɗe a gabansa, almajiransa manya biyu-uku suna gefe. Tun daga nesa Baba ya ce in tsaya. Ya sauka, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, ya taka cikin danshin ƙasa har gaban Baffa. Sannan ya durƙusa. Ni tunda nake ban taɓa ganin Baba a durƙushe gaban wani ba, shi ake durƙusa wa. Na ji ƙarar gwiwarsa lokacin da ta kai ƙasa. Na zube a bayansa, ina jin haushin kaina da haushin Baffa.

Baffa bai ɗago ba. Ya ci gaba da bin layin littafinsa da yatsa har ya kai ƙarshen shafi, ya juya, ya fara wani. Mu muna durƙushe. Sai da ya ga dama ya rufe littafin, ya ce, “Tunda na yi wayo ba a taɓa barin hannuna a sama ba sai jiya, a gidan ƙanina, a gaban mutane. Abin da na faɗa maka tun yaron nan yana ƙarami, ga shi ka gani.”

Bakina ya buɗe zan yi magana, Baba ya ɗaga mini yatsa ba tare da ya juyo ba. Ya ce, “Yaya, yaro ya tsaya, har ya fara durƙusawa. Ni na ce ya wuce. In akwai rashin kunya, tawa ce, ni na zo a yafe mini.”

“Kai ka ce ya wuce ni?”

“Ni na ce.”

“Saboda kwalba?”

“Saboda amanar da ya ɗauko. Na yi masa alkawari kafin ka zo, ban kuma so in warware shi don ka zo ba. Kai ka koya mini haka.”

Baffa ya dube shi. Sannan ya juyo gare ni ya ce in faɗa masa abin da ke cikin kwalbar da ya fi hannunsa. Na ce ba abin da ya fi hannunsa. Na yi masa bayani a gajarce, na dalma da kuza, da ruwan da ake tara daga rufi ana ba yara. Bai ce ya gamsu ba, bai kuma ce bai gamsu ba. Ya ce, “Boko dai.” Daga nan ya miƙo hannun, na kama da hannu biyu. Ya fara tun daga farko, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya wane, yaya wance, ya ja aya ya ce in ƙarasa, na ƙarasa. Ya yi addu'a mai tsawo. Duk wannan Baba yana durƙushe, don Baffa bai ce masa ya zauna ba sai da aka shafa.

Da muka tashi tafiya Baba ya kasa miƙewa. Sai da na sa hannu a hammatarsa na ɗaga shi, na ji duk nauyinsa a jikina, ashe ba shi da nauyi ko kaɗan. Na karkaɗe masa ƙasar da ta manne a rigarsa wajen gwiwa, na sa masa takalma.

Muka kama hanyar gida, Baba a bayana. Sai wajen wata gona da ake ta shuka ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska, ya ce, “To yanzu aikin ya ƙare ke nan?”

Na so in ce masa e. Amma na faɗa masa gaskiya. Na ce awon jiya zai sa Farfesa ya bar ni a kan kuza, amma haɗi ɗaya ba ya zama hujja. Sai an sake, an kuma sakewa, in ruwa ya ɗauke aka sake ara mini na'urar. Na ce, “Amma Baba, na daina bi ta zaure da kwalbar. Zan nemi ɗaki a wani wuri, ko a Kabo ne, in sa sola. Ba zan sake sa ka durƙusa ba.”

Ya ce, “Kuɗin solar kana da shi?”

Na ce ba ni da shi.

Ya ce, “To in an sake ara maka na'urar, ka mayar da ita ɗakinka. In ka ɗauko wutarka, ka wuce, ko wa ka tarar. In Yaya ne, ni na san hanyar Getso.”